Dalma Ba Ta da Ƙafa, Mu Ke Goya Ta

Buhu a wajenmu ba ya ritaya. Ma'aikacin gwamnati in ya cika shekara 35 yana aiki sallamarsa ake yi, amma buhu sai dai ya mutu a bakin aiki. Da takin zamani yake shigowa gida a farkon damina. A zazzage, a kakkaɓe, kaka ta yi a ɗura masa dawa. Dawa na ƙarewa yaron gida zai naɗe shi ya ɗaure a bayan babur ya nufi daji, can ya yi wata biyu yana jigilar dutse daga bakin rami zuwa gindin inji. Ranar da ya fara zubarwa a dawo da shi gida, uwargida ta farke shi da wuƙa, ta shimfiɗa a tsakar gida ta baza kuɓewa ko barkono. In ya ƙara tsufa, shi za a shimfiɗa wa jariri mai koyon zama, a ajiye masa guntun ƙosai a kai. Duk yawon nan, wankan da buhun ya samu bai wuce kakkaɓa biyu a jikin katanga ba.

Zancen buhun nan ne ya raba kan majalisarmu ta teburin mai shayi kwanan baya. Akwai wani tsohon malamin asibiti da muke zama da shi, wanda ya yi aiki a ƙasar Anka kafin ya ajiye. Shi ya hangi yaro ya wuce da buhuna jajaye da ƙurar rami, ya tambaye shi ina za shi da su. Yaro ya ce gida, inna za ta zuba gero. Malam ya ajiye kofi ya ce a kira masa uban yaron. Kafin a tafi kira, Kawu, wanda musu ba ya wucewa ta gabansa ya ƙyale, ya riga ya karɓe.

"Haba Malam, ƙasa ce fa. Da ita aka yi mu, cikinta za mu koma. Mu da muka tashi muna cin ƙasa da rarrafe, ga mu nan har da furfura. Yaushe ƙasa ta zama guba?"

"Kawu, ta sama kuka ci," in ji Malam. "Wagga daga gaba goma a ƙarƙashi aka tono ta. Wanda ya binne ta can ya san abin da ke ciki. Mu muka ce sai mun fito da ita mun kai ɗaki."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne wai mu ake wa wannan bayani. Mu Zamfarawa da aka yi abin a ƙofar gidanmu, har duniya ta haddace sunayen ƙauyukanmu ta dalilinsa. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amai, ciwon ciki, sai jijjiga da suma. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. Aka ba da na sanƙarau, shiru. Sai da aka aika jini Turai aka gwada, sannan aka ce dalma ce. Da masu binciken hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta da Yargalma, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5 da suka ƙirga, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A duk yankin, aƙalla yara 400 aka binne.

Kuma ba a ce ba a yi mana gargaɗi ba. Agwagi ne suka fara tafiya, su da ke yini suna tsotsar laka a bakin kududdufi. To amma ka san mu da tsuntsun gida in ya fara layi: ba ma tambayar me ya ci, wuƙa muke nema kada a yi asara. Da baƙi suka zo tambaya ma, ba kowa ya buɗe baki ba, don an san in aka faɗi gaskiya haƙa za a hana. Wani wurin sai da aka je maƙabarta aka ga ƙananan kaburbura sababbi a jere.

Yadda abin yake kuwa ba wani sihiri. Zinaren yankin nan ba ya fitowa shi kaɗai, a wasu ramukan yana cikin dutse ɗaya da dalma, har akwai jijiyar da dalmar ta kai kashi 10 cikin 100 na dutsen. Muddin dutsen na dunƙule a ƙarƙashin ƙasa, babu ruwansa da kowa. Mu ne za mu fasa shi da guduma, mu zuba a inji irin na niƙan hatsi mu niƙa a bushe har ya koma gari. Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin injin nan ya san yadda mai niƙa yake fitowa, gira da gashin baki duk sun yi fari fat, in ya yi kaki ma ƙasa ce. A wancan lokacin har cikin gida ake kai dutsen. Matan kulle suna dakawa a turmi don su sami na sabulu da na adashi, goyo a baya, mai rarrafe a gefe. A gama a ɗauraye turmin a zuba gero. Garin dutsen a shanya shi a tsakar gida, iska ta kwasa ta raba wa maƙwabta, har da waɗanda ko ƙwayar zinare ba su taɓa gani ba.

Ni ban ga laifin talaka da ya bi zinare ba. Manomin da zai shekara yana bautar gero, ƙarshe ya kasa kai wa wata damina, in aka ce masa ga rami can ana samun kuɗin buhu biyar a mako, ba wa'azin da zai tsayar da shi. Farashin zinare ya yi tashin gwauron zabo tun bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, shi ya sa ramukan da kakanni suka bari aka koma musu. Abin da nake magana a kai shi ne hanyar da gubar ke bi daga rami zuwa bakin yaro, domin a kowace gaɓa ta hanyar nan hannunmu ne a kai.

Yaro ba ya bukatar ya ci dutse. Hannu ƙasa, hannu baki, yini guda sau nawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da cikin babba ke tsotsewa, yaron da ke fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki kuwa ya fi kowa kwasa. Kawu da ke taƙamar ya ci ƙasa, nasa ne ya zo da sauƙi. A Amurka a wancan lokacin, in dalma ta kai 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa, an ce wurin ya ɓaci. A wasu gidajen ƙauyukan nan an auna fiye da 100,000. Na'urar gwajin jinin da likitoci suka zo da ita iyakar abin da take iya karantawa 65 ne, alhali daga 45 ake fara bai wa yaro maganin fitar da dalma. Yara da yawa in an ɗiga jininsu, na'urar ba ta ba da lamba, sai dai ta nuna abin ya wuce saninta.

Daga nan musu ya koma kan ruwa, don mai shayi ya sa baki. Shi a ganinsa an gama magana: "Ni dai ruwana tafasasshe ne. Abin da ya shiga wuta ai ya mutu." Nan Malam ya yi dariya har da tari. Ya ce wuta tana kashe mai rai ne, dalma kuwa ƙarfe ce, ba ta da ran da za a kashe. In ka tafasa ruwan da ke da ita, ruwan ne zai ragu, ita tana nan, sai ma ta ƙara kauri. Mai shayi ya ce to alif fa? Malam ya ce alif yana kwantar da laka ido ya ga ruwa garau, amma kada wanda ya rantse cewa garau ɗin nan lafiya ne. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sauya launin ruwa. Mu kuwa da ido da hanci muke gwajin ruwa. In bai yi wari ba, bismillah.

Sai ka dubi kududdufin ƙauye ka lissafa ayyukan da muka ɗora masa. Nan ake wanke garin dutse a kan kafet don zinare ya maƙale, ragowar laka ta gangara ciki. Nan shanu da awaki ke sha, mu sha nononsu. Nan mata ke wanki, yara ke iyo, masu babur ke wanke babur. Rani ya yi ruwa ya ja baya, sai mu shiga mu ɗebi lakar gindin, wadda ita ce matattarar duk abin da aka zuba, mu buga tubali mu yi ɗakin amarya, mu yaɓe rumbu. Gefen da ya rage da danshi kuma mu kafa lambu, alayyafo da latas da yakuwa. In an yi magana mu ce ruwa ba ya ɗaukar dauɗa, musamman mai gudu. Mai gudun kuwa gudunsa yake yi da ita zuwa fadamar ƙauyen gaba, inda wani bawan Allah ya shuka shinkafa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ga kuma zaiba, wadda ita ma da hannunmu muke zuba ta. Ana murza ta da tafin hannu a cikin kwano don ta kama ƙwayoyin zinare, a matse a tsumma, sannan a ƙona dunƙulen zaibar ta tashi zinare ya rage. Ina ta tafi in ta tashi? Huhun mai ƙonawa da na wanda ke zaune kusa. Kuma saboda ba ma so maƙwabci ya ga nawa muka samu, a ɗaki muke ƙonawa, a rufe ƙofa, wani ma a kan garwashin da aka sauke tuwo. Wadda ta zube a ruwan wanki kuma ta kwanta a laka, ta shiga jikin kifi, ƙaramin kifi ya shiga cikin babba, babban ya zo kasuwa a soye.

Wani manomi a cikinmu, mutum mai shiru-shiru, shi ya yi tambayar da ta fi ta kowa. Gonarsa tana gangaren wani tsohon wurin niƙa, an bar wajen shekara da shekaru. "Malam, yanzu duk ruwan saman da aka yi tun lokacin bai wanke ta ba?" Amsar ba ta yi masa daɗi ba. Kashin shanu yana ruɓewa, kara yana ruɓewa, leda ma da taurin kanta wata rana za ta ƙuƙƙushe, amma dalma ba ta ruɓewa. Tana kama ƙasar sama ta zauna, daidai inda garma ke juyawa. A garin Kabwe na Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, har yau ana samun ta a jinin yaran da aka haifa shekaru da yawa bayan rufewar. Ruwan sama ba ya kashe ta, sai dai ya matsar da ita daga gonar wani zuwa ta wani.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata manomi ya ji, ko hankalinsa ya ɗan kwanta, ko kuma ya ƙara tashi. Gero da dawa da masara ba su cika jan dalma daga saiwa zuwa ƙwaya ba, yawancinta a saiwa take tsayawa. Ganye ne abin tsoro, don ƙura na kwanciya a kansa, sai kuma abin da ke girma a cikin ƙasa. Da masana suka bi abincin ƙauyukan nan daga gona zuwa tukunya, sun gano mafi yawan dalmar da ke cikin hatsi bayan girbi take shiga. Wato hatsi na barin gona kusan da tsarkinsa, mu muke ɓata shi a hanya. Mu yi sussuka a ƙasa, mu shanya a ƙasa, mu sheƙe a iskar da ta biyo ta kan wurin niƙa, mu ɗura a buhun da ya dawo daga rami, mu kai injin da ba mu tambayi abin da ya niƙa jiya ba. Mu da uwargida za ta zauna da faifai ta tsince tsakuwa ɗaya-ɗaya a shinkafa don kada maigida ya tauna ya yi faɗa. Wadda haƙori ke ji muke tsoro. Wadda ta zama gari ta bi tuwo, ita ba ta da mai tsinta.

A nan ma bari in ɗan ratse. Kwallin da kakanninmu ke rambaɗa wa jariri ranar suna don ido ya yi kyau, na gargajiyan nan mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dutsen dalma ne, ɗan'uwan wanda ke cikin ramukan nan. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Na faɗi haka a gida, Inna ta dube ni ta ce ita da kwalli ta raini tara, in ban da abin faɗa in tashi in ba ta wuri. Na tashi.

Aikin gyaran da aka yi bayan 2010 ya isa ya nuna mana nauyin abin. Likitoci sun ce ba amfanin ba yaro magani a mai da shi gidan da ya kwaso cutar, don haka sai an gyara gari kafin a fara. Wani kamfanin injiniyoyin muhalli na Amurka, TerraGraphics, ya jagoranci aikin tare da ma'aikatan jiha da masarautu. Suna tafe da wata na'ura mai siffar bindiga, a ɗora bakinta a ƙasa ta faɗi yawan dalmar wurin. Sai matasan gari su shiga da fartanya da shebur su kankare saman ƙasar gida, tsakar gida da ɗakuna da lungu, a ɗura a buhu a kai rami a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Gida-gida haka, a Dareta da Yargalma, sannan Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. Ka tuna fa, gida ake iya yi wa haka. Wa zai kankare gona mai eka biyar? Wa zai kankare fadama?

Bagega, wadda ta fi su girma kuma ta fi su wurin niƙa, ita ta sha jira. An yi alkawarin naira miliyan 850, aka yi ta jan ƙafa, yara kusan 1,500 na zaune cikin guba ba halin fara magani. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal na Follow The Money suka tayar da ƙura a intanet, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗi a farkon 2013 aka yi aikin. In aka zo wannan gaɓar majalisa tana daɗi, don zagin gwamnati shi ne abin da ba ma musu a kansa. Kowa ya gyara zama ya kawo nasa. Kuma sun cancanta, ban hana ba. Amma ba gwamnati ce ta sake kai dutse cikin gidajen da aka kankare ba. An dawo an auna wasu gidajen a Dareta da Abare an tarar dalma ta koma. Da ƙafarta ta dawo?

A 2015 kuma sai ga shi a jihar Neja, ƙaramar hukumar Rafi, ƙauyukan Shikira da Magiro da Kawo, yara 28 suka rasu. Dutse iri ɗaya, niƙa iri ɗaya, turmi iri ɗaya. Abin da ya ci Doma dai bai bar Awe ba.

A 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka ɗage haramcin a Disambar 2024. Tsakani da Allah, a shekarun nan biyar wa ya ga zinare ya yanke a kasuwa? Mu in aka ce an hana, abin da muke ji shi ne a daina yi a fili. Kuma nan haɗarin yake. Wanda ke niƙa a bayan gari in ya ji tsoron kamu, ina zai kai dutsensa? Bayan katangar gidansa, inda jami'i ba ya leƙawa, inda 'ya'yansa ke wasa. Shi ya sa ni hani kaɗai bai taɓa burge ni ba.

Waɗanda abin ya taɓa a 2010 suka rayu, yanzu samari ne da 'yammata. Su ne ba ma zancensu. Wasu sun makance, wasu ƙafa ko hannu ya shanye, waɗannan ido na gani, ana tausaya musu. Mafi yawa kuwa lafiyarsu ƙalau a ido. Sai dai a kai yaro makarantar allo ya shekara yana wanke allo ɗaya, a kai shi boko a yi ta maimaita masa aji. A aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana. Ga saurin fushi, ga rashin zama wuri ɗaya. Me muke kiransa? Daƙiƙi. Malamin makaranta ya zane shi, uba ya zane shi, a ce gadon dangin uwarsa ne, uwar kuma ta ce hannu aka sa masa, a tafi neman rubutu da turare. Maganin da likitoci ke bayarwa yana fitar da dalma daga jini, amma ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Yaron nan bai yi laifin komai ba, a tsakar gidan ubansa ya yi rarrafe. Duk lokacin da na ga an ɗaga bulala a kan irinsu, sai in ji da ma a fara tambayar a wane gari aka yaye shi.

Haka mata. Dalma tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta sami ciki jiki ya nemi abin gina ƙashin jariri, sai ta fito ta bi jini ta isa ga ɗan tayi. Ɓari ya yi yawa, ko a haifi ɗa ɗan mitsitsi, mu ce kishiya ce. Kishiyoyi sun ɗauki zunubin dalma ba kaɗan ba a ƙasar nan.

Duk bayanin nan ana yi ana kurɓar shayi, ana cewa Allah ya kyauta. Sai da Malam ya ce manya ma ba su tsira ba: hawan jini, ciwon ƙoda, sannan tana rage wa namiji ƙarfi da haihuwa. Wallahi sai majalisa ta yi tsit. Kawu da ya ce ƙasa ba ta kisa, shi ya fara matsowa da kujera. "Malam, wane irin ƙarfi kake nufi?" Aka fashe da dariya. Mai maganin gargajiyan da ke yawo da lasifika a kasuwa ya san inda ake kama mu, ma'aikatan lafiya ne har yanzu ba su gano ba.

Wani matashi da ke zuwa rami, wanda tun ɗazu yake saurare yana latsa waya, ya ce shi fa ya gaji da jin laifi. "Baba, ku faɗa mana abin yi. In mun bari ku za ku ciyar da mu?" Malam ya ce ba wanda ya ce ka bari. Dutse ya tsaya a daji, kada ya shigo gari. A jiƙa shi kafin a niƙa, ko a niƙa da ruwa, ƙura ta kwanta. An gwada haka da masu haƙa a jihar Neja, ƙurar dalmar da ke tashi ta ragu ƙwarai. Kayan aiki su kwana a wurin aiki, da riga da wando da takalmi. A yi wanka kafin a doshi gida. Kada a ci abinci da hannun niƙa. Yara da masu ciki kada su je tallar abinci gindin inji.

Matashin ya ce, "Ruwan da za mu sha ma a jarka muke sayensa, na wanka wa zai ba mu?" Kuma gaskiyarsa. Nan ne nake ganin ya kamata a juya wajen waɗanda ba sa shiga rami amma su ke kwashe romon: masu inji, masu ɗaukar nauyin rami, dillalan da ke zaune da ɗan sikeli suna auna giram. Mutumin da zai iya sayen inji da janareta ba zai gagara kafa rumfar wanka da tankin ruwa ba. Mai gari da ke karɓar nasa kason, zai iya cewa duk injin da ba shi da wurin wanka da ruwan jiƙa dutse ba zai tashi a ƙasarsa ba. Masarautu sun taɓa fitar da niƙa daga cikin garuruwa a 2010, kuma an ji maganarsu fiye da yadda aka ji ta Abuja.

Mu kuma na gida namu ya fi sauƙi, sai dai mun fi son mai wuya. Maigida ya dawo daga daji fari fat, yaro ya sheƙo da gudu yana oyoyo, a ɗauke shi a rungume a cilla sama. Wa zai ce wa uba kada ya ɗauki ɗansa? Ba wanda ya ce haka, cewa aka yi ya fara zuba ruwa. Rigar aikin kuma kada a rataya ta a ƙofar ɗaki, kada a haɗa ta da kayan yara a baho ɗaya, kada a zubar da ruwan wankinta a gindin zogalen da ake tsinka a yi kwaɗo.

MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a farkon 2022, bayan ta gwada jinin yara fiye da 8,000. Baƙin sun tafi, ramuka suna nan. Zinaren da ake sayar da oza ɗaya wajen dala 1,200 a 2010 ya haura dala 4,000 a 2025, don haka masu shiga daji ƙaruwa za su yi.

Saboda haka, kai mai ɗa ƙasa da shekara 5, in gidanka akwai mai zuwa rami, ko kuna kusa da wurin niƙa, ko daga kududdufin wanki kuke ɗiba, ka kai yaron asibiti tun yana wasansa, kada ka jira jijjiga. In ka je ka buɗe baki ka ce dalma kake so a duba, ka faɗi sana'ar gidan ba ɓoye-ɓoye, in ba su da abin gwaji su faɗa maka inda yake. In ka yi shiru, zazzaɓi za a gwada a ba ku magani ku dawo gida.